Waiwaye: Wa Aka Rubuta Wa Littattafan Yaranmu?

Kwanakin baya na shiga wani shagon littattafai ina neman abin da zan riƙa karanta wa 'yar ƙanwata, yarinya mai shekara 4. Na ce wa mai shago ina son littafin Hausa mai hotuna, irin wanda babba zai karanta yaro yana saurare. Ya zaro mini na koyon baƙaƙe na 'yan aji ɗaya. Na ce ba irin wannan ba. Ya zaro Magana Jari Ce. Na ce ai yarinyar ba ta kai nan ba. Sai ya yi dariya ya ce, "To Malam, in dai na hira ne, sai dai fa na Turanci." Ya kuwa yi gaskiya, ga su nan jibge a kanta, masu sheƙi, da zanen yara sanye da rigar sanyi suna wasa da ƙanƙara.

Abin ya tsaya mini a rai, domin tun 1885 ake buga labaran Hausa a takarda. Yaya aka yi duk tsawon wannan lokaci yaron da bai fara karatu ba ya tashi a tutar babu?

Hira da yara dai ba baƙuwarmu ba ce. Bayan sallar isha'i, an ci tuwo an wanke hannu, yara su taru a ɗakin kaka ko na amaryar gidan. Wani lokaci a fara da kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Sannan a ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Wannan amsar ita ce mabuɗi, in ba a amsa ba mai tatsuniya ba za ta ci gaba ba. Daga nan har a kai ƙurunƙus, yaro ba ɗan kallo ba ne. In 'yar bora ta isa bakin rafi ta rera waƙarta, yara ne ke amshi. In Gizo ya shigo da tsamin bakinsa, tun bai ƙulla makircin ba an fara dariya. Kakata takan maƙale murya ta yi Ƙoƙi, ta buɗe ta ta yi Kura, in ta zo kan Dodo kuwa sai ta yi ƙasa-ƙasa da ita har ƙananan cikinmu su matso jikinta. In ta ga wani ya fara gyangyaɗi ta gajarce labari, in ta ga idanu sun buɗe ta ƙara wa Gizo wata ɓarnar. Har doka abin ke da ita: wai wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Yanzu na gane dabara ce ta hana mu zaman banza lokacin aiki, amma a wancan zamani mun yarda ɗari bisa ɗari.

Da tatsuniya ta fara shiga littafi, ba don yaro ta shiga ba. Magana Hausa na J. F. Schön, wanda ya fito a 1885, yawancinsa daga bakin Dorugu aka ɗauko shi, wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Masu karatunsa Turawa ne masu son koyon harshen. Haka Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mai juzu'i 3, da Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami da malamai suka yi, da yawansu a Sakkwato. Taska ce babba, akwai tatsuniyoyi da tarihi da karin magana da wasiƙu, amma jami'an mulkin mallaka masu shirin jarrabawar Hausa aka nufa da ita, kuma a ciki akwai labaran da ba za ka karanta a gaban surukarka ba, balle yaro. A 1913 ɗin ne kuma R. S. Rattray ya fitar da nasa tarin, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana. Duk waɗannan sun ceci labarai daga ɓacewa, wannan babu ja. Sai dai sun ɗauko labarin sun baro muryar. Waƙar ta zama layuka huɗu a takarda ba tare da karinta ba, amshin yara kuwa babu wanda ya tanadar masa wuri.

Sai zamanin boko. Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, nan take aka ga akwai ɗalibai babu abin karantawa. Wannan buƙata ce ta haifi Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da East ya shirya a 1933 ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina aka kawo shi Zariya, East ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, shi kuma ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce.

Nan ya kamata a ɗan daɗe, domin a ganina har yau ba a yi littafin Hausa da ke zama a baki kamar wannan ba. Dubi yadda aka gina juzu'in farko: sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son ya fice ya bi sawu, aku kuma kullum dare sai ya tsare shi da labari har gari ya waye. Wato littafin kansa hirar dare ce, mai ba da labari ɗaya, mai saurare ɗaya, kuma in labarin ya yi sanyi yaro zai tashi ya tafi, tafiyar da za ta jefa shi hannun maƙiya. Imam ya rubuta shi da kunne. Jimlolinsa suna da wurin numfashi, mutanensa kowa da irin bakinsa, labarin da ya taso daga Jamus ko Bagadaza sai ka rantse a bayan garinku aka yi shi. Shi ya sa a gidaje da yawa ɗan makaranta guda ɗaya kan zauna a zaure ko tsakar gida yana karantawa, iyaye da maƙwabta da ba su yi boko ba suna saurare. Ga wani juyi da ba a cika lura da shi ba: a da babba ke ba yaro labari, da littafi ya zo sai yaro ya koma karanta wa babba.

Amma fa ɗan Midil aka rubuta wa shi, mai shekara 12 zuwa sama. Labaran dogaye ne, zanen kaɗan ne, akwai makircin fada da kishi da kisa. Ɗan shekara 4 ba zai kai ƙarshen shafi ba.

Na ƙananan kuwa, abin da aka tanadar musu shi ne na koyo: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Duk wanda ya yi firamare a Arewa a wancan zamani ya san su, wasu har yau suna iya kawo shafuka da ka. Littattafai ne masu kyau a aikinsu, amma aikinsu shi ne yaro ya haɗa baƙi da wasali da kansa, don haka kalmominsu ƙidayayyu ne, daidai ƙarfin idon mai koyo. Kunnen yaro kuwa ya yi wa idonsa nisa. Yarinyar da ba ta san "ba" da "bi" ba tana iya bin tatsuniyar Ta-Kitse daga farko har ƙarshe, ta kuma gyara maka in ka yi tsallake. Littafin da za a karanta mata dole ya yi daidai da kunnenta, ba da idonta ba. Wannan bambanci ne aka daɗe ba a kula da shi ba.

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, a shekarun 1950, sun buga ƙananan littattafai masu yawa, amma hankalinsu ya fi karkata ga Yaƙi da Jahilci, wato manya. Kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC (ba na man fetur ba), ya gaje su a 1966. Wanda ya fi kusantar abin da nake nema shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, a farkon shekarun 1970. Shi ya dawo da tatsuniya hannun yara da Hausar da suke ji a gida, da waƙoƙinta. Malamin da ya taso a ɗakin kaka yana buɗe littafin zai tuna karin waƙar ya rera, aji ya ɗauka. Wanda bai taso a nan ba sai ya karanta ta kamar sanarwa.

A wasu ƙasashe akwai wanda ya tsaya wa irin wannan littafi. A Amurka, ma'aikatan laburare ne. Tun farkon ƙarni na 20 suka ware sa'ar labari ga yara, irin su Anne Carroll Moore da ta karɓi sashen yara na laburaren birnin New York a 1906. Da yake su ne manyan masu saye, kuma a gaban yara 20 ko 30 suke gwada kaya, masu buga littafi suka koyi abin da ke tafiya: shafi 32 galibi, zane babba da na bayan ɗaki zai hango, kalmomi kaɗan, jimlar da ke dawowa don yara su kama, da abin mamaki da aka ɓoye sai an juya shafi. Mu a nan babban mai saye ma'aikatar ilimi ce, ita kuwa abin da ke cikin manhaja take saye.

Shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya cika azuzuwa, manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko na firamare. A Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Kamar za a samu kasuwa. Sai tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, littafi mai launi ya zama sai wane da wane. Rubutun Hausa bai mutu ba, a lokacin ne ma adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, amma 'yan mata da matan aure ya yi wa magana, su ne ke da kuɗin saye ko na haya. Yaro ba ya sayen littafi. Ita kuma kakar, talabijin da bidiyo, daga baya waya, suka karɓe mata dare.

Daga wajen 2014 ne batun karanta wa yaro labari a bayyane ya shigo ajin Hausa da sunansa, ta hanyar shirye-shiryen da ƙasashen waje suka ɗauki nauyi: RARA da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, RANA a Katsina da Zamfara. An sa wa malami lokacin da zai karanta labari, ya tsaya ya tambayi yara me suke jin zai faru. A intanet kuma African Storybook da StoryWeaver suna da littattafan Hausa masu zane, kyauta. Ci gaba ne na gaske. Ƙorafina biyu ne. Na shirye-shiryen a makaranta suke tsayawa, ba ka samunsu a kasuwa, in shiri ya ƙare su ma sun ƙare. Na intanet kuwa da yawansu fassara ce, wasu an yi da kyau, wasu kana karantawa kana jin Turancin na motsi a ƙarƙashi.

Rubutun boko ma yana da nasa tarkon ga mai karatu a bayyane, tunda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama na mutane ko na tuwo, "wuya" na iya zama na jiki ko na wahala. In kuma mai bugawa ya yi kasala ya zubar da ƙugiya, "baƙi" ya koma "baki", sai ka karanta wa yara cewa baki sun shigo gida, ka dawo ka gyara, su kuwa sun riga sun fashe da dariya a inda ba a so. Marubucin da ya karanta aikinsa da ƙarfi kafin ya kai maɗaba'a zai ji waɗannan wurare ya kauce musu. Zai kuma gane dukiyar da harshen ya ba shi a banza: tsundum, wuf, tinƙis-tinƙis, ƙememe, kwatsam. Kalma ɗaya irin wannan ta fi wa yaro layi uku na bayani.

A ƙarshe dai wani fassararre na sauko da shi a waya, na kai aka buga mini a shagon kwamfuta, labarin wata akuya da ta ɓata. Daren farko na karanta shi yadda yake, yarinyar tana ta wasa da igiyar zanenta. Kashegari na ɗauki fensir. Inda aka rubuta cewa akuyar ta faɗa cikin ruwa da babbar ƙara, na soke na sa tsundum. Duk inda akuya ta tambayi wata dabba hanya, na ƙara layi ɗaya mai dawowa wanda za ta riƙa amsawa. Na buɗe takarda zan fara, sai ta dafa hannuna ta ce, "Kawu, ba ka ce ga ta nan ba."