An Gama Aikin Inji, Amma Turbo Yana Zubar da Baƙin Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan ƙorafi ya fi yawa bayan kaka, lokacin da masu tarakta da Kanta da injin girbin shinkafa a yankunan Kura, Kadawa, Auyo da Haɗeja suke sauke injinansu kafin aikin rani ya kankama. An kashe kuɗi, an sa sabon fistin da ringi, an tayar da inji, sai ga baƙin mai yana naso a jikin turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura wa inji ƙarin iska), ko shuɗin hayaƙi yana fita ta salansa. Ga tambayoyin da masu inji suka fi yi wa bakanike a kan wannan.

Oga, tunda a turbo man yake fitowa, ba sil ɗinsa ne ya mutu ba?

Ranka ya daɗe, a yawancin turbo babu sil na roba irin wanda ka sani a ƙafar mota. Sandar da ke tsakiyarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi, ba robar da za ta jure haka. Abin da ke ciki ƴan zobba ne na ƙarfe, ƙanana, masu kama da ringin fistin. Su kaɗai ba sa iya tare mai. Abin da ke taimakonsu shi ne ƙarfin iska a ɓangaren shaƙa da ƙarfin hayaƙi a ɗaya ɓangaren, waɗanda suke danne man ya tsaya a tsakiya.

Man yana shiga ta sama da ƙarfin famfo, ta siririn bututu. Amma wajen fita ba abin da ke tura shi, gangarowa yake da kansa ta babban bututun ƙasa ya koma kaskon mai da ke gindin inji. Kamar makwararar ruwa ce a damina: in aka toshe gaba, ruwan baya zai yi, ya shiga gidan mutane. Shi ya sa sau da yawa turbo lafiyarsa ƙalau, wani wuri ne ya ja masa.

To daga ina za a fara duba?

Daga abin da ba ya cin ko kwabo. A zare gejin mai a wuri mai daidai, inji a kashe. In mai ya haura alama, zai iya rufe bakin bututun dawowa, shi ke nan an samu zuba. A rage shi.

Sai a wanke turbo da kewayensa tas, a tayar, a zuba ido. Mai da ke fita daga kan kusar bututun sama, ko daga gaskit ɗin ƙasa, yana bin jiki ya taru a gindi har a zaci daga ciki yake. Wannan aikin wasa ne, sabon wosha ko gaskit ya wadatar.

An duba, ba daga waje ba ne. Sai me?

A kwance bututun dawowar mai gaba ɗaya. Nan ne na fi zargi a injin da aka haɗa kwanan nan, saboda ɗabi'ar wasu yaran gareji ta lafta gam a kan kowane gaskit. Da an ɗaure kusa, gam ɗin ya matso ciki ya rage ramin, wani lokacin har rabi. Ba a sa gam a bututan man turbo, ko na sama ko na ƙasa. Haka kuma a duba ko bututun ya lanƙwashe wajen ɗora inji, ko tiyon robar da ke haɗa shi ya kumbura ta ciki, ko tsohon mai ya ƙone ya daskare a ciki. Dole ya gangara kusan a tsaye, ba tare da wani lungu da mai zai kwanta ba.

Daga nan sai bututun numfashin inji. Injin da ya yi wata biyu ko uku a kwance a gareji, zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a bakin wannan bututu, kuma ba kowa ke tunawa ya leƙa ba. In ya toshe, iskar da ke taruwa a cikin inji ba ta da mafita, sai ta hau bututun dawowa ta hana mai saukowa.

Amma sabon ringi aka sa, daga ina iska za ta taru a ciki?

Sabon ringi ba ya kama bangon silinda ranar farko, sai ya yi aiki ya zauna. Kafin nan hayaƙi yana ɗan sulalewa ƙasa. In ya yi yawa, ga yadda za a gane: inji ya yi zafi, yana silo, a sassauta murfin zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne. Amma in yana bugun murfin yana feso hayaƙi, to ringi bai zauna ba, ko an jera bakinsu a layi ɗaya, ko an juya wani, ko ba a goge bangon silinda yadda ya kamata ba. Wannan aikin mai haɗa inji ne, ko turbo goma ka saya haka za su yi ta zuba.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya: a bar sabon inji yana silo tun safe har la'asar wai don ya saba. Hakan na hana ringi zama, kuma a silo turbo ba ya tara iskar da za ta danne mai. Gara a ɗora masa matsakaicin kaya ya yi aiki.

Ƙurar hunturu tana da hannu?

Sosai. Ƙura da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe filtar iska, turbo ya nemi iska ya rasa, sai ya zuƙo mai ta ɓangaren shaƙa. In an ga mai a bututun da ke zuwa intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, filta ce farkon abin dubawa, tare da tiyon da ke tsakaninta da turbo ko yana motsewa in an taka totur.

Ko dai tsohon mai ne?

Yana yiwuwa. In injin ya sha mai kafin a sauke shi, ragowar tana nan kwance a intakula da salansa, kuma za ta yi ta hayaƙi har ta ƙare. A wanke intakula kafin a mayar da ita, wannan ba abin wasa ba ne. Injin dizal yana iya cin baƙin mai a matsayin abinci: in ya zuƙi mai yawa sai ya kwasa da gudu, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru, a toshe masa hanyar iska da katako mai faɗi. Kada a kuskura a sa tafin hannu ko tsumma.

Yaya zan bambance man turbo da wanda ke fitowa daga cikin inji?

A cire turbo a leƙa bakin bututun hayaƙin da yake zaune a kai. In a bushe yake, mai kuma sai bayan turbo, to daga turbo ne. In a jiƙe yake tun kafin turbo, daga silinda man ya taso, ringi ko hanyar bawul. A shinshina kuma: baƙin ruwa mai warin gas ba baƙin mai ba ne, gas ne da bai ƙone ba ya haɗu da kunkunniya, sai a duba nozul mai fesa gas cikin silinda.

Yaushe ne za a ce lallai turbo ya mutu?

Inji a kashe, ya huce, a cire tiyon shaƙa a kama kan sandar da yatsu. Ɗan motsi sama da ƙasa dole ne, domin a kan mai take shawagi, muddin fukafukan ba sa gogar bango. Amma in tana shiga tana fita har ana ji, ko akwai kurji a bango, ko fukafukai sun gutsure, bushin da ke riƙe sandar ya tafi. Sau da yawa a tashin farko ake lalata turbo, in an tayar ba mai a cikinsa. Don haka kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman wani turbo, tabbatar an gano abin da ya ci na farko. In an kawo sabon, a wanke ko a sauya bututun sama, a zuba mai mai tsabta ta bakin shiga, a juya sandar da hannu, sannan a murza inji ba tare da ya tashi ba har mai ya iso.