Waiwaye: Yadda Mai Tafiya A Ƙasa Ya Rasa Titi, Da Ƙoƙarin Mayar Masa

A shekarar 1896 mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a Landan, ta ce ga garinku nan. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da mota ta kashe a Birtaniya. A wancan zamanin titi na kowa ne, mai talla da yaro mai wasa da mai keken doki. Mota ce baƙuwa, idan ta yi ɓarna ita ake zargi.

Ba a yi shekara talatin ba sai reshe ya juye da mujiya. A Amurka, dillalan motoci da ƙungiyoyin masu mota suka matsa lamba har aka mayar da tsallaka titi a inda ba a ware ba ya zama laifi. Dokar da birnin Los Angeles ya kafa a 1925 ta zama abin koyi ga sauran birane. Daga nan, idan aka buge mutum, tambayar farko ita ce: me ya kai shi kan kwalta? Birtaniya ta kakkafa sanduna masu ƙwallo ruwan ɗorawa a wuraren tsallakawa a 1934, zanen fari da baƙi ya biyo baya a 1951. Sun taimaka, amma duk keɓe wa mai ƙafa ɗan lungu suka yi, aka bar wa mota sauran.

Iyaye ne suka fara cewa ba za ta saɓu ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunan Holan, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Aka yi ta zanga-zanga, aka tare tituna. A garin Delft aka soma gina titunan unguwa masu lanƙwasa, da bishiyoyi da kujeru, yadda direba ba shi da halin yin gudu ko da ya so. A ganina nan ne tarihin ya sauya alkibla, domin an daina roƙon direba, an koma gyara titin kansa. Suwidin ta mayar da wannan tunani manufar ƙasa a 1997: ɗan Adam ajizi ne, saboda haka a tsara hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba.

Ƙananan hukumomi da majalisun birane ne suka fi ɗaukar nauyin aikin, tunda titunan unguwa a hannunsu suke. Birnin Graz na Ostiriya ya taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a yawancin titunansa tun 1992. Pontevedra ta Sifaniya ta fara fitar da motoci daga tsakiyar gari a 1999. A 2019 ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba a titunan Oslo ta Norway da Helsinki ta Finland.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Majalisu da dama sun rubuta burin ƙarfafa tafiya a ƙafa, sai dai idan aka duba kasafin kuɗinsu, faɗaɗa titi ne ke lashe kaso mafi tsoka, gefen da tsoho da makaho da ɗan makaranta za su bi kuwa sai abin da ya rage.