Me Ya Sa Gasannin Muhawara na Shiyya Suke Ja da Baya a Makarantun Sakandaren Amurka?

Mece ce gasar shiyya, kuma da me ta bambanta da manyan gasanni?

Gasa ce da wata makaranta take karɓar baƙuncinta, galibi ranar Asabar, inda makarantun da ke kusa suke zuwa a mota da sassafe, a fafata a cikin ajujuwa, zuwa dare kowa ya koma gida. Alƙalanta malamai ne da iyaye da tsofaffin ɗalibai. Al'adar ta daɗe, domin tun a 1910 Jami'ar Texas ta kafa ƙungiyar muhawara ta makarantun sakandaren jihar, sannan a 1925 Bruno Jacob ya kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya a Kwalejin Ripon da ke Wisconsin, wadda tun 2014 ake kiranta NSDA. Manyan gasanni kuwa, irin waɗanda jami'o'in Harvard da Emory da Berkeley suke shiryawa, kwanaki suke ɗauka, kuma mai zuwa daga nesa sai ya tanadi kuɗin jirgi da na masauki.

Ɗalibai ne suka daina sha'awar muhawara?

Ba wannan ne asalin matsalar ba, don har yanzu manyan gasanni suna cika maƙil. Abin da ya faru shi ne harkar ta rabu gida biyu. A 1972 aka fara Gasar Zakaru a Jami'ar Kentucky, wadda a ƙa'idarta ɗalibi yake samun shiga idan ya yi nisa sau biyu a wasu zaɓaɓɓun gasanni. Sannu a hankali makarantu masu ƙarfi suka karkata ga farautar waɗannan guraben, suka rage zuwa gasar maƙwabta. Da zarar gwanayen yanki sun daina zuwa, gasar takan rasa armashi, kuɗin rajista ya ragu, makarantar da ke shiryawa ta ga wahalar ta fi ribar, sai ta janye. Daga nan ƙaramar makarantar da ta dogara da wannan gasa sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta samu abokan karawa, idan ta gaji ita ma ta rufe ƙungiyarta, gasar da ta rage a yankin ta sake rasa mahalarta.

Ana yawan ɗora laifi a kan saurin magana. Yaya abin yake?

A muhawarar manufofin gwamnati, wadda ake yi biyu da biyu a kan maudu'i ɗaya duk shekara, akwai ƙa'idar cewa hujjar da ba a amsa ba an amince da ita. Wannan ya sa masu fafatawa suke jero hujjoji da saurin da yakan wuce kalma 300 a minti ɗaya, don abokin hamayya ya kasa amsa su duka. Ƙwararren alƙali yana bin zancen yana rubutawa, amma uba ko malamin lissafi da aka roƙa ya zauna alƙalanci ba zai tsinci komai ba. A ganina nan ne ɓarakar ta fi muni, domin ɗalibin da ya saba da sauri yana raina alƙalin shiyya, shi kuma shugaban makaranta da ya leƙa aji bai fahimci ko jimla ɗaya ba, da wuya ya kare kasafin ƙungiyar idan aka zo rage kashe kuɗi.

Ina matsayin kuɗi da malamai a ciki?

Ƙungiyar muhawara a ƙaramar makaranta yawanci a wuyan malami ɗaya take, wanda yake sadaukar da ƙarshen makonsa a kan ɗan alawus. Ranar da ya yi ritaya ba a samu magaji ba, ƙungiyar ta mutu. Matsin tattalin arzikin 2008 ya sa gundumomi da dama sun zaftare kuɗin sufuri da na ayyukan bayan aji. A ɗaya ɓangaren, iyalai masu hali suna biyan dubban daloli don 'ya'yansu su halarci sansanonin horo na bazara a jami'o'i irin su Michigan da Northwestern, su dawo da tarin hujjojin da ɗan karkara bai taɓa gani ba.

Shin intanet bai sauƙaƙa lamarin ba?

Ya sauƙaƙa wani abu, ya ɓata wani. A 2020 da 2021 annobar korona ta sa an gudanar da gasar ƙasa ta NSDA ta intanet, ɗalibin da ke nesa ya samu shiga ba tare da tikitin jirgi ba. Sai dai makarantun da suka dakatar da gasarsu a lokacin ba duka suka dawo da ita ba.

An yi wani yunƙuri na gyara?

An yi, kuma fiye da sau ɗaya. A 1980 aka shigar da muhawarar mutum ɗaya da ɗaya a gasar ƙasa, mai ɗauke da sunan Lincoln da Douglas, 'yan siyasar da suka kara a Illinois a 1858. A 2002 aka ƙirƙiro wani salon da aka tsara musamman don kowane mai sauraro ya iya alƙalancinsa. Abin mamaki, dukansu biyu sun ɗauki saurin magana a manyan gasanni bayan wasu shekaru. Yunƙurin da ya fi riƙe manufar gasar kusa da gida shi ne ƙungiyoyin muhawara na birane, waɗanda suka faro a Atlanta a 1985 da taimakon Jami'ar Emory, suka bazu zuwa New York da Chicago da Baltimore. Su suna haɗa makarantun gwamnati na birni ɗaya, su ɗauke musu nauyin rajista da horar da malamai. Wannan dabara tana aiki ne inda makarantu suke kusa da juna, shi ya sa har yanzu ba ta kai ga makarantar karkara da ke da tafiyar sa'o'i tsakaninta da maƙwabciyarta ba.