Nuna zanen ƙididdiga a sikirif da littafin aiki

Nuna zanen ƙididdiga shi ne fito da hoton da shirin kwamfuta ya zana daga alƙaluma domin mutum ya gani. A harshen Python hanyar ta danganta da inda aka rubuta umarnin, ko dai a sikirif, wato fayil da ake gudanarwa daga farko zuwa ƙarshe, ko kuma a littafin aiki irin Jupyter, wanda ake raba umarninsa zuwa ƙananan gurabe, ake gudanarwa gurbi-gurbi a cikin burauza.

Tarihi

Tsarin littafin aiki ya girmi Python, domin manhajar Mathematica ta fito da shi tun a 1988. John D. Hunter, masanin ƙwaƙwalwa, ya saki Matplotlib, ɗakin karatun Python na yin zanen ƙididdiga, a 2003. Ya ƙirƙire ta ne domin duba bayanan masu ciwon farfaɗiya, kuma ya kwaikwayi salon manhajar lissafi ta MATLAB. Fernando Pérez ya fara IPython, manhajar rubuta umarnin Python a ga sakamako nan take, a 2001, littafin aikin IPython ya fito wajen ƙarshen 2011, sannan a 2014 aka ware aikin da sunan Jupyter, wanda ke nuni da harsunan Julia da Python da R.

A sikirif

Matplotlib tana gina hoton a ma'adanar kwamfuta, ba ta nuna shi har sai an kira plt.show(). Wannan umarni yana buɗe taga ta hanyar injin zane, wato ɓangaren da ke fitar da hoton, kamar TkAgg ko QtAgg, kuma yakan tsayar da shirin cak har sai an rufe tagar. Shi ya sa ake ajiye shi a ƙarshe, ake kuma kiran savefig(), umarnin adana hoton a fayil, kafinsa, domin wanda ya juya tsarin yakan tarar da farin hoto fayau a fayil ɗin. A kwamfutar da ba ta da allo ana amfani da injin Agg, wanda yake rubuta fayil kawai.

A littafin aiki

Da zarar gurbi ya gama aiki, ana aika hoton zuwa burauza, galibi a tsarin PNG, ya bayyana a ƙarƙashin umarnin, kuma ana adana shi a cikin fayil ɗin littafin. A da sai an rubuta umarnin %matplotlib inline kafin hoton ya bayyana, amma yanzu haka yake faruwa ba tare da shi ba. Hoton ba ya motsi. Mai son zuƙo shi sai ya girka ƙarin manhaja mai suna ipympl.

Masu shirye-shirye sun sha bamban kan ko ya kamata a ci gaba da rubuta plt.show() a littafin aiki, tunda hoton yana bayyana ko ba tare da shi ba. Masu goyon baya suna cewa yana sauƙaƙa mayar da umarnin sikirif.