Hurumin Kotuna da Zaɓen Lauya a Shari'ar Iyali a Bauchi

Shari'ar iyali ita ce duk ƙarar da ta taso daga aure, saki, riƙon 'ya'ya, ciyarwa, gado, wasiyya, kyauta ko waƙafi. A jihar Bauchi, da maƙwabciyarta Gombe wadda aka cire daga jikinta a 1996, ba kotu ɗaya ke sauraron waɗannan ƙararraki ba. Kowace kotu da iyakar da doka ta shata mata, ita ce masana shari'a ke kira hurumi. Kotun da ta yanke hukunci a inda ba ta da hurumi, hukuncinta ya tashi a banza, kome kyawun yadda aka gudanar da zaman. Kotun Ƙoli ta zayyana sharuɗɗan wannan ƙa'ida tun 1962 a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, kuma har yau a kanta ake tafiya. Saboda haka, tun kafin a yi maganar iya baki gaban alƙali, abin da ake fara auna lauya da shi shi ne ko ya san ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Asalin tsarin

Kafin 1968 kotunan alƙalai da na sarakuna suna hannun En'e ne, wato hukumar gargajiya. A wannan shekara gwamnatocin jihohin Arewa suka karɓe su, aka mayar da su kotunan yanki. Bauchi ta sauya tsari a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, inda kotunan shari'a da manyan kotunan shari'a suka ɗauki aikin. A Gombe kuwa har yanzu ana jin sunan kotun yanki da babbar kotun yanki. Fiƙihun da ake hukunci da shi na mazhabar Malikiyya ne, kuma littattafan Mukhtasar Khalil da Tuhfatul Hukkam ba sa rabuwa da teburin alƙali. A da doka ba ta barin lauya ya tsaya gaban alƙali. An daɗe da wuce nan.

Irin auren ne ke nuna kotu

Auren da aka ɗaura bisa Musulunci, da waliyyi da sadaki da shaidu, rikicinsa a kotun shari'a yake farawa. Nan mace ke neman khul'i ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki, ko ta nemi a raba auren saboda cutarwa ko rashin ci da sha. Nan kuma ake tabbatar da sakin da miji ya furta sannan ya dawo yana musu.

Auren rajista dabam ne. Wanda aka ɗaura a ofishin rajistar aure, ko a cocin da ke da lasisi, kamar yadda ake samu a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Billiri da Kaltungo, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke iya warware shi, a ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970. Dalili ɗaya dokar ta sani: auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa. Ana tabbatar da haka ta hanyoyin da ta lissafa, kamar ƙaurace wa gida na shekara ɗaya, ko zaman rabe na shekara biyu in ɗaya ɓangaren bai ƙi ba, ko na shekara uku. Auren da bai kai shekara biyu ba, a mafi yawan hali sai da izinin kotu ake shigar da ƙararsa. Hukuncin farko ma na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata, kuma wanda ya yi gaggawar sabon aure kafin nan ya jawo wa kansa. Babbar Kotun Tarayya ba ta da ruwa da duk wannan, duk da sunanta na ruɗin mutane.

Tsanin ɗaukaka ƙara, da inda ake zamewa

Wanda hukuncin ƙaramar kotun shari'a bai gamsar ba yana zuwa babbar kotun shari'a. Daga nan hanya take rabuwa biyu, kuma a wannan mararraba ce shari'o'i da yawa ke ɓata.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, tana zama da alƙalai aƙalla uku. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita huruminta ga abin da ya shafi rayuwar iyalin Musulmi: ingancin aure da rabuwarsa, dangantaka, riƙon yaro, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado, da kula da ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali. Abin da ya fita daga wannan da'ira, kamar ciniki, bashi, ko jayayyar mallakar fili zalla, Babbar Kotun Jiha ake kai ɗaukakarsa, ko da masu shari'ar duk Musulmi ne, ko da da fiƙihu aka yi hukuncin farko. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000.

A ɗauki misalin wani magidanci a ƙasar Katagum da ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da gona. In rigimar tsakanin magada ce, wa ke da rabo kuma nawa, ko matar ta samu tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, wannan gado ne tsantsa, hanyarsa ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce. Amma sai wani maƙwabci ya taso ya ce, "Ai marigayi ya sayar mini da gonar nan tun yana raye, ga shaiduna." Daga wannan kalma shari'ar ta sauya kama. Maƙwabcin ba magaji ba ne, abin da yake da'awa ciniki ne, ɗaukakarsa kuwa ta Babbar Kotu ce. Lauyan da bai lura ba sai ya ɗauki fayil ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ya ma yi nasara, a yi ta barka. Bayan shekaru ɗaya ɓangaren ya isa kotun gaba ya ɗaga maganar hurumi, wadda ana iya tayar da ita a kowane mataki, a rushe komai. Marayun da aka fara shari'ar suna firamare sun zama samari, kuɗin mota da na lauya sun cinye abin da gonar za ta bayar, kuma an koma gidan jiya. Wannan asara tana da ciwo ƙwarai, domin karanta takardar da'awar farko da natsuwa ya isa ya hana ta: da'awar mai ƙara a kotun farko ce ke nuna hurumi, ba sunan da aka laƙaba wa rigimar daga baya ba.

Akwai kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha jayayya kan mallakar filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa. Gidajen gado na cikin garin Bauchi da Azare da Gombe kan faɗa nan idan wani bare ya shigo da tasa takardar.

Daga kowace cikin hanyoyin biyu, mataki na gaba shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, mai rassa a Jos da Gombe. Idan ƙarar daga kotun shari'a ta fito, masu shari'a uku masana fiƙihun iyali ne za su zauna mata. Sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda magana ke ƙarewa. Lokaci yana da iyaka: a ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya wata uku kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan umarnin tsakiyar shari'a. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da uzuri mai ƙarfi.

Zaɓen lauya

Lauya a Nijeriya shi ne wanda ya yi digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, mai rassa har a Bagauda da Yola, aka rantsar da shi, sunansa ya shiga rajistar Kotun Ƙoli. Takardun da ya sa wa hannu suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, mai sunansa da lambarsa. Masu ɗaukar jaka a harabar kotu suna cewa sun san alƙali ba sa cikin wannan lissafi.

Rantsuwa kaɗai ba ta mai da mutum gwanin shari'ar iyali. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano suna koyar da dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci, kuma wanda ya bi wannan layi ya fi saurin gane abin da alƙali ke nufi. Ya san cewa a Malikiyya uwa ce kan gaba wajen riƙon yaro, namiji har ya balaga, mace har ta tare, kuma in uwar ta auri bare riƙon kan koma ga kakar yaro ta wajen uwa, ba ga uba kai tsaye ba. Ya san wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Ya san hauzi, wato wanda ya zuba ido bare na cin moriyar filinsa shekara goma bai ce uffan ba, da'awarsa ta yi rauni. Ya san i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa mai shari'a ko yana da sauran hujja kafin a yanke, domin tsallake ta kaɗai kan sa a rushe hukunci a sama. A shari'ar auren rajista kuwa wani ilmin ake nema, na tsara takardun koke da lissafin kula da yara, inda dokar 1970 ta sa maslahar yaro gaba da komai.

Zaman farko yakan tona halin lauya. Na ƙwarai tambaya yake yi kafin alkawari. "Hajiya, a ina aka ɗaura auren, wa ya yi walicci? Takardar sakin tana hannunki? An taɓa zama gaban mai unguwa ko malamai?" In ta ce, "Barista, ni dai a ƙwato mini 'ya'yana," ba zai ce an gama ba. Zai gaya mata shekarun yaran da sabon aurenta suna da tasiri, ya faɗi inda hujjarta ke da ƙarfi da inda take da rauni. Wanda ya yi rantsuwar nasara tun bai ga takarda ba abin gudu ne, haka wanda ke ƙyamar sulhu. Shari'ar iyali ba ta cin mutum ɗaya. Mutanen da ake ja da su yau su ne kawunnan yaran nan da gwaggonninsu, da su za a zauna ranar ɗaurin aurensu.

Kuɗi a yi maganarsa tun farko, a rubuce: na aiki nawa, na kowane zama nawa, na rajista da sammaci nawa, kuma ko ɗaukaka ƙara na ciki. A karɓi rasit. Lauyan da ya ci amana ana kai ƙorafinsa ga reshen NBA, daga nan zuwa kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke iya soke sunansa. Mara hali na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda ke tsaya wa mata da yara.

A ƙaramar kotun shari'a mutane da yawa kan tsaya da kansu, su ce "Allah gafarta Malam" su faɗi da'awarsu da Hausa, kuma doka ta yarda. Sai dai abin da aka rubuta a wannan zama na farko shi kaɗai kotunan sama za su karanta, ba kasafai ake barin sabon shaida ya shigo daga baya ba. Don haka ko wanda ba zai ɗauki lauya ba, shawarar awa ɗaya kafin a rubuta da'awa tana da amfani, kuma ranar da aka yanke hukunci a nemi kwafinsa wurin magatakardan kotu, a rubuta kwanan watan.