Jinyar ciwo da kiɗa ba raina ciwon soja ba ce

Mutanenmu a Marwa da Garwa da sun ji ana jinyar tsohon soja da kiɗa sai su ce an raina ciwonsa, wai an ɗauka raki yake. Wallahi ba haka ba ne. Ciwon da ya wuce wata 3, tsoro da rashin barci na ƙara masa ƙarfi a ƙwaƙwalwa, to nan kiɗan ke aiki, numfashi ya daidaita jiki ya saki. Tun bayan yaƙin duniya na 2 asibitocin sojojin Amurka ke yi, yanzu har ta bidiyo, ƙwararre na jagora daga nesa, mutum na ɗakinsa ƙafa kan matashi. Maganin likita dai ba a ajiye shi.