Dokokin Yaƙi da Satar Mota a Amurka

Dokokin yaƙi da satar mota a Amurka jerin dokoki ne da majalisar tarayya ta kafa domin hukunta ɓarayin motoci da masu cinikin sassansu. Ta farko ita ce dokar Dyer ta 1919, wadda ta ɗauki sunan ɗan majalisa Leonidas Dyer na jihar Missouri. A wancan zamani ɓarawo na ƙetara iyakar jiha ya sha, domin ikon 'yan sandan jiha bai wuce jiharsu ba. Dokar ta mayar da ƙetarawa da motar sata laifin tarayya.

Daga baya sana'ar ta sauya salo. Maimakon a sayar da mota ɗungurugum, sai a shige da ita wani garejin ɓoye, a kwance injin, a cire ƙofofi da bamba da giyabos, kafin gari ya waye babu sauran abin da mai ita zai nuna ya ce nasa ne. Sau da yawa kuɗin sassan ya fi na motar kanta.

Wannan ɓaraka ce dokar 1984 ta zo ta toshe, kuma ita ce mafi hikima a cikinsu, domin kasuwar ta nufa, ba ɓarawon kaɗai ba. Tun 1981 kowace mota na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Dokar ta tilasta wa kamfanoni buga wannan lamba a kan injin, giyabos da manyan sassan bodi na motocin da aka fi sacewa. Goge lambar na iya jawo ɗaurin shekara 5, cinikin sassan da aka goge wa lamba kuma har shekara 10.

A 1992 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu kan wata dokar da ta mayar da ƙwacen mota da bindiga laifin tarayya, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga mai garejin kwance motocin sata. Ita ce ta kafa rumbun bayanan takardun mallakar mota na ƙasa baki ɗaya.

Akwai giɓi har yanzu. Matatar hayaƙi da ke jikin salansa ba ta cikin sassan da dokar tarayya ta ce a buga wa lamba, alhali tana ɗauke da ma'adinai masu tsada irin su filatinam. Ɓarawo kan kwanta ƙarƙashin mota da zarto ya yanke ta cikin 'yan mintuna, shi ya sa jihohi da dama suka kafa nasu dokokin kan masu sayen tsoffin ƙarafa.